Pampas ko ƙyalle: lissafin da ya kamata mai ƙaramin albashi ya yi tun kafin ranar suna

A kowane butik na unguwa, daga Maraɗi har Yamai, akwai kayan da ba sa yankewa: sukari, madara, magi, omo, sai kuma pampas da aka farke ledarsa ana sayarwa ɗai-ɗai. Wasu na ce masa kush, wasu pampas, ko da wane kamfani ne ya yi shi. Iyayen samarin yau ba su san shi ba sai a gidajen manyan ma'aikata. Yanzu ya zama kayan barka. Mace ta haihu, kafin a yanka ragon suna ɗakinta ya cika da ledoji daga ƙawaye, dangin miji da matan foyandi. Makonnin farko suna wucewa lafiya lau. Sai ranar da ledar ƙarshe ta ƙare, maigida ya fara jin abin a aljihunsa, kuma daga nan ne gardama ke tashi a gidaje da yawa: a ci gaba da saye, ko a koma ƙunzugun ƙyalle irin wanda aka raini kowa da shi?

Masu cewa a koma ƙyalle suna da hujja, sai dai sukan yi gaggawar kammala lissafi. Masu cewa ƙyalle ƙauyanci ne kuma ba su yi lissafin ba ma sam.

A fara da kuɗi, tunda shi ne ya kawo maganar. Farashi yana bambanta daga gari zuwa gari, daga kamfani zuwa kamfani, don haka a ɗauki misali mai sauƙi: pampas ɗaya a dala 20, wato sefa 100, wajen mai tebur. Jariri sabon haihuwa yana buƙatar a canza masa sau takwas ko fiye a yini, daga baya abin ya sauka. A ce biyar a rana idan an haɗa watannin gaba da na baya. Sefa 500 ke nan kullum, jika 15 a wata, jika 180 a shekara. Mafi ƙarancin albashi a Nijar jika 42 ne tun farkon 2024. Ke nan ma'aikacin da ke ɗaukar wannan albashi, idan zai yi wa ɗansa canji yadda ya kamata, sai ya zuba fiye da kashi ɗaya cikin uku na abin da yake samu a kan abin da za a jefar a bola bayan awa huɗu. Ba a zo maganar hayar gida ba, ba a zo kuɗin NIGELEC ba, ba a zo buhun hatsi ba.

Ta ɓangaren ƙyalle, kuɗin farko ne ke da nauyi. A ce ƙyallen tawul 24 a kan sefa 500 kowane, jika 12. Wandon roba huɗu, jika 2. Bokiti biyu masu murfi, igiyar shanya, da ɗan canjin wandon roba idan yaro ya girma ko robar ta tsage. Duka a ƙiyasta jika 20. Daga nan sai kuɗin wanki na yau da kullum: bido biyu na ruwa masu lita 25, da sabulu na kamar dala 15. Gidan da ke da famfon NDE a tsakar gida, lita 50 ba za ta ci masa fiye da dala 5 ba. Sefa 100 a rana, jika 3 a wata. Idan aka cire jika 3 daga jika 15, saura jika 12 a hannu kowane wata, kuma kuɗin da aka kashe wajen sayen ƙyallen ya dawo kafin wata biyu su cika.

Wannan shi ne lissafin da ke yawo a WhatsApp, kuma a kan takarda babu kuskure a cikinsa. Matsalarsa ita ce ya ɗauka kowa na sayen pampas biyar a rana kuma kowa na da famfo. Duka biyun ba gaskiya ba ne.

Gidan talaka ba ya sayen biyar. Yana sayen ɗaya ko biyu: na dare, da na fita unguwa ko zuwa awo. Da rana yaro na cikin tsumma ko ɗan kamfai, wani lokaci ma haka nan a kan tabarma. Irin wannan gida jika 6 yake kashewa a wata idan biyu yake saye, kuma ya riga ya saba da wanki. Idan aka ce masa ya bar pampas gaba ɗaya, abin da ake nema ya bari shi ne pampas ɗin da ya fi kowane amfani, wanda ke bai wa uwa barcin dare ba tare da ta tashi sau uku tana canza zanen gado ba. Ribar da zai samu kaɗan ce, wahalar da zai ƙara mai yawa. Akwai kuma gidan da ke sayen biyun amma ya bar yaro a cikin ɗaya tun safe har la'asar don kada a yi asara. Wannan ba tattali ba ne. A zafin watan Afrilu da Mayu, lokacin da ma'aunin zafi ke haura 40 kusan kullum, fitsari da gumi a rufe cikin roba na tsawon awa takwas su ne ke saɓe fatar yaro, kuma kuɗin da aka ƙi kashewa a butik sai a kashe shi a farmasi.

Sai maganar ruwa, wadda ita ce ke yanke hukunci a gaskiya. Wanda ke sayen ruwa wajen ga-ruwa a kan dala 10 kowane bido, wankin ƙyalle zai ci masa sefa 175 a rana da sabulu, jika 5 da ɗoriya a wata. Har yanzu ya fi jika 15 sauƙi nesa ba kusa ba. Amma mutumin Damagaram ya san abin da bazara ke nufi: famfo ya yi kwanaki bai zo ba, mata da yara sun kwana a layin bido, masu amalanken shanu suna faɗin farashin da suka ga dama. A ce bido ya kai dala 30. Wanki ya koma sefa 375 a rana, fiye da jika 11 a wata, kusan ninki biyu na abin da mai sayen pampas biyu ke kashewa. Kuma ruwan da za a wanke kashin jariri da shi, shi ne ruwan da ake lallaɓawa don sha da girki. Uwar da ke unguwar da ruwa ke wuya, idan ta zaɓi pampas a watannin nan, ba almubazzaranci ta yi ba. Ta fi mai yi mata wa'azi iya lissafi.

Abin da ya fi hatsari shi ne a koma ƙyalle amma a yi rowar ruwa. Ƙyallen da ba a ɗauraye sosai ba yana riƙe omo da ragowar fitsari, ya bushe ya yi tauri, ya goge cinyar yaro. Ruwan jabel da wasu ke zubawa da yawa don kashe wari ya fi haka illa idan bai fita ba. Ƙyalle yana da ƙa'idarsa: a kankare kashin a zuba a masai, a ɗauraye, a jiƙa a bokiti mai murfi wanda ba a ɗibar ruwan sha da shi, a wanke da sabulu, a sake ɗaurayewa har kumfa ta ƙare, a shanya a rana. Sabulun Lavibel da kowa ya sani ya isa, ba sai an nemi wani na musamman ba. Rana kuwa Allah ya hore ta. Abin da iyalai a Turai ke biyan kuɗin lantarki don injin busarwa ya yi musu, a Tawa igiya ce ke yin sa cikin awa guda, sai dai a watan Agusta da hadari ke hana shanya, da lokacin hunturu da ƙura ke sauka a kan komai.

Akwai kuɗin da ba ya shiga kowane lissafi, kuma shi ya sa maganar ke zafi tsakanin miji da mata. Wa zai yi wankin? Namijin da ya zauna a fada da abokansa ya gano cewa ƙyalle zai rage masa jika 12 a wata, ba shi ne zai durƙusa gaban bokiti ba. Awa ɗaya ce aƙalla kowace rana, tsawon shekara biyu, a kan macen da ke shayarwa, ke girki, ke shara, wataƙila kuma tana da wani yaron da bai daɗe da yaye ba. A kwanaki arba'in na jego akwai gwoggo ko kaka da ke taimakawa, musamman idan an tafi wankan gida. Bayan nan kowa ya watse. Malamar lekol da za ta bar gida da ƙarfe bakwai, ma'aikaciyar likita mai kwanan aiki, mai tuyar ƙosai da ke tashi tun asuba, duk awarsu tana da farashi. Idan kuma ba uwar ba ce, to wankin kan faɗa kan 'yar aiki, yarinyar da aka ɗauko daga ƙauye, ko kan babbar ɗiyar gida da ya kamata a ce tana bitar karatunta. Tattalin da aka yi a kan bayan yarinya 'yar shekara 12 ba abin alfahari ba ne.

Saboda haka magidancin da ke son a koma ƙyalle, adalci shi ne ya fara da nasa ɓangaren. Ya sayi ƙyallen isasshe, ba guda shida da za su sa a yi wanki sau biyu a rana ba. Ya ɗauki nauyin ruwa da sabulu ba tare da an roƙe shi ba. Kuma rarar da aka samu ta tsaya a cikin gidan, a ga amfaninta a tukunya ko a adashen matar, kada ta zarce zuwa shayi da kuɗin intanet. Mata da yawa da ke ƙin ƙyalle ba ƙyallen suke ƙi ba. Sun san aikin zai ƙaru a kansu, kuɗin kuma ba za su gan shi ba.

Ba a kuma yi wa pampas adalci ba idan aka ce gayu kawai ya kawo shi. Macen da ke goya ɗa a baya ta shiga taksi, ta je biki, ta je ofis, tana son ta tabbata zanenta ba zai jiƙe a gaban mutane ba. Akwai kuma sallah. Malaman mazhabar Malikiyya sun yi wa mai shayarwa sassauci game da abin da ya taɓa tufarta na fitsarin jariri idan tana iya ƙoƙarinta wajen kiyayewa, har suka so ta keɓe tufar sallah daban. Duk da haka, samun abin da zai hana najasar isowa ga tufa tun farko sauƙi ne da babu macen da za ta raina. Abin da ke cikin pampas wani gari ne da ke shanye ruwa ninkin nauyinsa sau da yawa ya mayar da shi kamar kunu mai kauri, shi ya sa fatar yaro ke zama a bushe. Ƙyalle ba zai taɓa yin haka ba. Atamfa ma ba ta shan ruwa sosai, gara tsohon tawul ko yadin auduga mai laushi da ya sha wanki.

Amma wannan rashin na ƙyalle yana da wata fa'ida da kakanni suka sani. Yaron da ke jin jiƙa yana saurin nuna alama, uwar da ke wanki kuma tana saurin koya masa. Tun yaro na 'yan watanni ake zaunar da shi a kan ƙafafu da safe ko bayan ya sha nono, daga baya a koma fo. Da yawa daga cikin waɗanda aka raina haka sun bar ƙunzugun rana tun kafin yaye. A ƙasashen da pampas ya zama ruwan dare, ba abin mamaki ba ne a ga yaro ɗan shekara uku da shi. Kowane wata da aka rage, kuɗi ne. Wannan dabara ba ta buƙatar sayen komai sai fo na roba, amma ita ce ta fara ɓacewa a gidajen matasan birni, domin ana ganin ta tsofaffi ce.

Wani abin da ya kamata mai ƙaramin ƙarfi ya duba shi ne cewa farashin pampas ba a hannunsa yake ba, ba kuma a hannun mai butik ba. Mafi yawan abin da ke kasuwa daga waje yake shigowa. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 da takunkumin CEDEAO, kowa ya ga yadda kayan masarufi suka yi tsalle. An ɗage takunkumin a Fabrairun 2024, amma iyaka da Benin ta ci gaba da zama a rufe, kayan da ke sauka tashar Lome kuma sai sun ratso Burkina Faso da rakiyar sojoji. Ta ɓangaren Najeriya, inda kaya ke shigowa ta Dan Isa, Konni da Magarya, kamfanin Procter & Gamble mai Pampers ya sanar a ƙarshen 2023 cewa zai daina sarrafa kaya a ƙasar, Kimberly-Clark mai Huggies ya bi sahu a 2024. Molfix na kamfanin Hayat na Turkiyya, wanda ke da masana'anta a jihar Ogun, yana cikin waɗanda suka ci gaba. Faɗuwar naira takan sauƙaƙa wa mai sefa, tashinta ya tsananta masa. Ƙyallen da ke cikin akwati ba ruwansa da canjin kuɗi ko rufe iyaka, kuma idan an kula da shi zai yi wa ƙane, ya yi wa ƙanen ƙane. A ƙasar da binciken hukumar ƙididdiga ta INS na 2021 ya nuna mace na haihuwar 'ya'ya 6.2 a matsakaici, wannan ba ƙaramin abu ba ne, ko da yake adadin ya fi haka ƙasa a birane. Jika 20 da aka kashe sau ɗaya, a raba ta kan yara uku.

Tsada kuma ita ke tura mutane ga mafi arha, wato pampas marar suna da ake zubewa a buɗe a kasuwa, rana na dukansa, ƙura na sauka a kansa, babu wanda ya san inda aka yi shi ko yaushe. A Faransa ma, inda ake sa ido sosai, hukumar ANSES ta fitar da rahoto a Janairun 2019 cewa ta samu sinadarai masu illa fiye da ƙima a cikin wasu pampas da ake sayarwa, har gwamnati ta kira kamfanonin ta ja musu kunne. Idan haka ta faru da kayan da ke da suna da adireshi, to wanda aka kwance daga dila fa? Tsakanin wannan da tsohon tawul da uwa ta wanke da hannunta ta shanya a rana, tawul ɗin ya fi kwanciyar hankali.

Bola ita ce ɓangaren da mai saye ba ya biya, unguwa ke biya. Pampas roba ne da kashin ɗan Adam a naɗe. Ba ya ruɓewa kamar tsumma. A jefa shi a masai, ramin ya cika da wuri, motar kwashe masai ta kasa zuƙa. A jefa a bola, awaki da karnuka su yayyaga shi, kaji su bi. A ƙona, hayaƙin ya shiga ɗakuna. Mafi yawa kuwa a magudanar ruwa yake ƙarewa, ya kumbura, ya haɗu da leda ya toshe hanya. Wanda ya ga abin da damina ta yi a 2024, lokacin da ruwa ya ci unguwanni a Maraɗi kuma tsohon masallacin Damagaram ya rushe, ya san magudanar da ta toshe ba abin wasa ba ce, ko da yake ba pampas kaɗai ke toshe ta ba. Dokar hana leda da aka kafa tun Nuwamban 2014 tana nan a takarda, leda kuma tana nan a kan itatuwa. Babu alamar wata ma'aikatar magajin gari za ta zo ta tsara kwashe pampas daban. Kashin jariri kuma, sabanin abin da ake ɗauka, yana ɗauke da ƙwayoyin gudawa kamar na babba. Ko wanda ya tsaya a kan pampas, ya kamata ya juye kashin a masai kafin ya naɗe ya jefar.

Ga 'yan uwa da ke Faransa, Beljiyam ko Amurka, lissafinsu daban ne. Suna da injin wanki, ruwa ba ya yankewa, akwai ƙunzugun zamani mai maɓallai da ake faɗaɗawa yayin da yaro ke girma, wasu ƙananan hukumomin Beljiyam da Faransa ma suna tallafa wa iyayen da suka saya. Matsalarsu wurin shanya ce a lokacin sanyi da gidan rainon da ba ya karɓar ƙyalle. Amma inda suka fi shiga maganar nan shi ne ta aljihu: da yawansu ne ke turo kuɗin pampas ta Nita ko Al Izza duk wata, ga mata ko ƙanwa da ta haihu. Kafin a turo kwalin ƙunzugun zamani daga can, a fara tambaya ko akwai ruwa a gidan. Idan babu, kuɗin jawo famfo ya fi kowane kwali amfani, domin zai yi wa wanki, ya yi wa girki, ya kuma rage shekaru bayan yaron ya bar ƙunzugu. Idan akwai, telan unguwa zai iya ɗinka irinsa da tawul da yadin da ba ya ɗigar ruwa idan an ba shi samfuri ɗaya, kuma abin mamaki ne yadda telolin babbar kasuwar Maraɗi, da ke kwaikwayon kowane ɗinki da suka gani a waya, ba su riga sun mayar da wannan sana'a ba.

To komawa ƙyalle tana da riba? Ga gidan da ke da famfo, yake sayen pampas huɗu ko biyar a rana, kuma yake sa ran wata haihuwar, tana da riba sosai, kuma ba sai an bar pampas gaba ɗaya ba. Ƙyalle da rana a gida, pampas ɗaya da dare, da ajiyar 'yan kaɗan don tafiya, awo da ranar da yaro ke gudawa. A misalin da aka ɗauka, jika 3 na dare da jika 3 na wanki, jika 6 ke nan maimakon 15. Rarar jika 9 a wata, jika 108 a shekara. Ga gidan da tuni yake sayen ɗaya ko biyu, babu abin da zai canza sai ya ƙara yawan ƙyallen rana, ya daina barin yaro cikin pampas ɗaya yini guda. Ga wanda ke sayen ruwa da tsada, shawarar ta bi yanayi: ƙyalle daga damina zuwa sanyi, pampas idan bazara ta kama bido ya yi tsada.

Wanda matarsa ke da ciki yanzu yana da damar da za ta wuce. Ledojin barka za su ɗauki makonnin farko, lokacin da canji ya fi yawa kuma mai jego ta fi gajiya. A cikin waɗannan makonni ne ya kamata a sayi ƙyalle shida a gwada, a ga ko fatar yaron ta karɓa, a ga bido nawa wankin ke ci a zahiri, kafin a zuba jika 20. Matan foyandi da ke haɗa kuɗin barka su ma za su iya raba shi biyu, rabi pampas, rabi tawul da bokiti mai murfi.